Hadda ta cinye buɗe wasa a darar ces

A shekarar 2018, a birnin Landan, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun kara sau 12 don neman kambin duniya na darar ces, kuma duk wasannin suka tashi kunnen doki. Hakan bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar. Sai da aka koma wasannin gaggawa kafin Carlsen ya yi galaba.

A ganina, babban dalilin wannan shi ne hadda. Gwanayen yau sukan zauna a teburi da motsi goma sha biyar ko ashirin a ka, waɗanda suka tace a gida da manhajar kwamfuta irin su Stockfish. Tun a 2000 aka ga alamar haka, lokacin da Vladimir Kramnik ya jingina da kariyar Balin ya ƙwace kambi daga Garry Kasparov, wanda bai ci ko wasa ɗaya ba. Illar ba ta tsaya ga ƙosawar ƴan kallo ba. Mai kuɗin ɗaukar mataimaka da sayen kwamfuta mai ƙarfi yakan riga mai basira marar galihu tun ba a taɓa ɗan dara ba.

Bobby Fischer ya kawo magani a 1996 a Buenos Aires: a riƙa jera ƴaƴan layin baya ta hanyar ƙuri'a, bisa sharaɗin sarki ya zauna tsakanin hasumiyoyi biyu, giwaye biyu kuma su hau gidaje masu launi daban. Jeri 960 ke fitowa, kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta haddace su. A 2019 Wesley So ya doke Carlsen a gasar duniya ta farko da hukumar FIDE ta amince da ita a wannan tsari.

Masu suka suna da hujja. Buɗe wasa gado ne na ƙarnoni, tun daga littafin Ruy López na 1561, kuma wasu jeri sun fi fifita mai fararen ƴaƴa. Amsar ta biyu mai sauƙi ce: a buga kowane jeri sau biyu, ana musayar launi. Gadon kuwa ba zai salwanta ba muddin tsohon tsari yana nan.

Saboda haka ya kamata manyan gasa su ware rabin zagayensu ga tsarin Fischer. Wanda ya fahimci dalilin kame tsakiyar allo da tsare sarki zai yi fice a tsarin biyu. Wanda hadda kaɗai ta ɗauke shi, a nan asirinsa zai tonu.