Mu Zaga Duniya: Coupvray, Garin da Ɗan Baduku Ya Fi Masu Sarauta Suna

A wannan makon za mu leƙa Coupvray, wani ƙaramin gari da ke da nisan kusan kilomita 40 gabas da birnin Paris na ƙasar Faransa.

A da, garin yana hannun zuriyar Rohan ne, masu sarauta da dukiya, waɗanda suka gina katafaren gida a can. Amma yau baƙi ba gidan sarautar suke tambaya ba. Wani ɗan gidan dutse suke nema, inda aka haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809.

Mahaifinsa baduku ne, yana ɗinka kayan dawaki. Louis yana da shekara uku ya soke idonsa da wani kayan aiki mai tsini a shagon baban. Ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance baki ɗaya.

A lokacin, yawancin makafin ƙauye bara suke yi. Amma limamin cocin garin, Jacques Palluy, ya fara koyar da shi, sannan malamin makarantar garin ya yarda ya zauna aji ɗaya da masu gani. Da kunne kawai yake ɗaukar karatu. A 1819 aka kai shi makarantar makafi a Paris.

A can ya ci karo da wani rubutu na Charles Barbier, wanda ake karantawa da yatsa. Matsalarsa ita ce alama ɗaya takan kai ɗigo 12, ta fi ƙarfin kan yatsa. Louis ya rage su zuwa shida, yadda taɓawa ɗaya za ta isa. Daga ɗigo shidan nan ana samun alamomi 63, sun wadatar da haruffa da lambobi. Ya kammala wannan a 1824 yana ɗan shekara 15, wato sa'an yawancinku ne.

Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1852, kuma sai bayan shekara biyu makarantarsa ta amince da rubutun a hukumance. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin gwarazan Faransa a Paris, amma aka bar ƙasusuwan hannayensa a Coupvray. Gidansu yanzu gidan tarihi ne, rubutunsa kuma shi ake koyarwa a makarantun makafi har a nan ƙasarmu.

Mu duba da kyau: kafin Paris, wani malamin ƙauye ne ya ba shi wurin zama. Mu ma a unguwanninmu akwai yaran da ba sa gani, suna gida ko bakin titi yayin da muke aji. Wa muka taɓa tambaya me ya hana a sa su makaranta? Mu fara da iyayenmu da shugaban makarantarmu.

Sai mako mai zuwa.