Gigin Tsufa Ba Maita Ba Ne

A zangonmu na Kete Krachi, kamar a Salaga da Yendi da Bawku, idan tsohuwa ta fara mance sunan jikanta, ko ta fita da daddare ta kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne. A wasu wuraren kuma sai raɗa ta fara yawo cewa mayya ce. A watan Yuli na 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, a Kafaba kusa da Salaga, bisa zargin maita. Har yau akwai tsofaffin mata da irin wannan zargi ya kora zuwa Gambaga da Gnani. Ba kowace aka zarga ke da cutar mantuwa ba, amma wadda ƙwaƙwalwarta ta ruɗe ita ce ba ta iya kare kanta.

Yau likitoci suna ganin wannan cuta da idonsu. Hoton na'urar MRI ya nuna cewa a farkon cutar Alzheimer, sashen ƙwaƙwalwa da ke adana sabon abin da mutum ya gani ko ya ji yakan yi aiki fiye da kima, kamar jakin da aka labta wa kaya, daga baya ya gaji ya kankance. Na'urar PET kuma tana nuna wuraren da suka rage cin sukari. Wannan sauyi yakan fara shekaru da dama kafin 'yan gida su lura. Ciwo ne a jiki, kamar ciwon ƙoda.

Za a ce daga Krachi sai an je manyan birane irin su Kumasi ko Accra kafin a sami irin wannan hoto, ga tsada. Gaskiya ne. Amma abin da hoton ya koya mana ya isa ya gyara halinmu. A 2024, kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar ana iya hana ta ko jinkirta ta gare su, ta hanyar kula da abubuwa irin su hawan jini, ciwon suga da raunin ji.

Saboda haka, 'yan uwa, mu riƙa auna wa iyayenmu jini. Idan mantuwa ta yawaita, a kai su asibiti, domin wata mantuwar tana da magani. Limamanmu kuma su faɗi wannan a kan mumbari. Wadda ta goye mu muna jarirai ta cancanci haƙurinmu ranar da ta mance sunanmu.