Afirka ta Kudu: Dokar tallafa wa baƙar fata da aljihun kwalejoji masu zaman kansu

Fiye da shekaru 30 bayan kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, har yanzu ana tafka muhawara kan dokar da aka kafa domin bai wa baƙar fata rabonsu a tattalin arzikin ƙasar. Galibi akan taƙaita muhawarar ne kan kamfanonin haƙar ma'adinai da bankuna. To amma akwai wani ɓangare da dokar ke juya akalarsa ba tare da an cika lura ba, wato kwalejoji masu zaman kansu, waɗanda a shekarar 2022 ɗalibansu suka haura 250,000.

A shekarar 2003 ne gwamnatin Thabo Mbeki ta kafa dokar, wadda aka fi sani da BEE a taƙaice, kana aka ƙara tsaurara ta a 2013. Hujjar gwamnati ita ce, farar fata, waɗanda ƙidayar 2022 ta nuna ba su wuce kashi 7 da 'yan kai cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, sun gaji mafi yawan dukiya ne daga tsarin da ya hana sauran jama'a mallaka da ilimi mai inganci. Tun a 1959 aka yi dokar da ta hana baƙar fata shiga jami'o'in farar fata sai da izinin minista.

Ba tara, sai maki

Dokar ba ta cin tarar kamfani mai zaman kansa saboda ya ƙi bin tsarin. Abin da ake yi shi ne a auna kamfani a ba shi maki kan abubuwa biyar: yawan hannun jarin da baƙar fata suka mallaka, da matsayinsu a shugabanci, da horar da ma'aikata, da sayayya daga kamfanonin baƙar fata tare da tallafa musu, sai kuma ayyukan raya al'umma. Daga nan a ajiye shi a ɗaya daga cikin matakai takwas.

Ƙarfin tsarin yana wajen ciniki. Idan banki ya biya rand miliyan 1 ga kwalejin da ke mataki na ɗaya domin ta horar da ma'aikatansa, za a lissafa masa kamar ya kashe miliyan 1.35 a nasa ma'aunin. Idan kwalejin tana mataki na huɗu, miliyan 1 ɗin za a rubuta. A mataki na takwas kuwa rand 100,000 kacal za a ƙirga, wadda ba ta da mataki kuma ko sisi ba za a lissafa ba. Saboda haka jami'in da ke neman inda zai tura ma'aikata karatu yakan nemi ganin takardar shaidar maki kafin ya tambayi sunayen malamai.

Kasuwar da doka ta buɗe

Sai dai kuma wannan dokar da ke matsa wa kwalejojin lamba ita ce ta samar musu da babbar kasuwa. Ana buƙatar manyan kamfanoni su kashe daidai da kashi 6 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya wajen ilmantar da baƙar fata, idan suna son cikakken maki. A 2019 aka raba wannan adadi gida biyu: kashi 3.5 na horo, kashi 2.5 kuma na tallafin karatu ga ɗalibai baƙar fata a manyan makarantu. Kamfanin da ke biyan albashin rand miliyan 100 a shekara, ke nan, yana neman inda zai kashe miliyan 6, kuma miliyan 2.5 daga ciki kuɗin makaranta ne kai tsaye.

Ban da wannan akwai harajin horar da ma'aikata na kashi 1 cikin 100 na albashi, wanda aka kafa a 1999, da ake rarraba mafi yawansa ta hannun hukumomin horo 21 na sassan sana'o'i. Kwalejoji da dama, musamman masu koyar da harkokin kasuwanci da lissafin kuɗi da kwamfuta, da waɗannan kuɗaɗe suke rayuwa. A wurinsu faɗowa da mataki guda na iya nufin rasa kwangilar da ke biyan albashin malamai.

Lamarin ya sha bamban ga makarantun da iyaye ke biya wa 'ya'yansu daga aljihu. Uban da ke neman wa 'yarsa gurbin karatun aikin lauya ba ruwansa da matakin makaranta. Wannan ne ya sa tasirin dokar bai zama iri ɗaya ga kowa ba, ya danganta da wanda ke sa hannu a takardar biyan kuɗi.

Tsaka mai wuya

Ƙananan kwalejojin da kuɗin shigarsu bai kai rand miliyan 10 a shekara ba an sauƙaƙa musu, domin ana ba su mataki na huɗu ba tare da awo ba. Idan baƙar fata ne ke da kashi 51 cikin 100 na mallakar su haura mataki na biyu, idan duka tasu ce kuma mataki na ɗaya.

Manyan kamfanonin ilimi su ma suna da mafita. Kamfanin Stadio, wanda ya ɓalle daga Curro ya shiga kasuwar hannun jari ta Johannesburg a 2017, ya sayar da wani kaso na hannun jarinsa ga masu zuba jari baƙar fata, ciki har da kamfanin Brimstone. Ta haka ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya samu jari, ya kuma samu maki.

Waɗanda ke tsaka mai wuya su ne matsakaita, irin kwalejin da wani iyali ya kafa ta girma har kuɗin shigarta ya haura rand miliyan 50. Ita za a auna ta da cikakken ma'auni, wanda ke neman baƙar fata su mallaki kashi 25 cikin 100 da ƙarin ƙuri'a guda. Sau da yawa masu sayen ba su da kuɗi a hannu, don haka mai sayarwa ne ke ba su rance, a riƙa cire bashin daga ribar hannun jarin. Ga kuma kuɗin masu tantance maki duk shekara. Idan kwaleji ta kasa cimma kashi 40 cikin 100 na abin da ake nema a fannin mallaka, ko horo, ko tallafa wa ƙananan kamfanoni, za a sauke ta da mataki guda. Mai neman gajeriyar hanya ya sa sunan wani baƙar fata a matsayin mamallaki na jeka-na-yi-ka kuwa yana iya fuskantar ɗaurin shekaru 10, kamfaninsa kuma tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara.

Ba kowace matsala ce za a ɗora wa dokar ba. A watan Maris na 2024 ma'aikatar ilimi mai zurfi ta soke rajistar kwalejoji huɗu na kamfanin Educor, ciki har da Damelin, kuma dalilin da ta bayar shi ne rashin gabatar da bayanan kuɗi da shaidar biyan haraji. Daga baya a shekarar an mayar da rajistar na wucin gadi.

Ina ɗan talaka?

Babban giɓin da ke cikin tsarin shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Kwalejoji masu zaman kansu ba sa samun tallafin gwamnati, kuma asusun NSFAS, da ke ɗaukar nauyin 'ya'yan iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce rand 350,000 a shekara ba, ba ya biya wa ɗalibin makaranta mai zaman kanta. Jami'o'in gwamnati 26 kuwa ba sa iya ɗaukar duk waɗanda suka cancanta. Yaron da ya ci jarrabawa a Soweto ya rasa gurbi, sai dai ya yi fatan wani kamfani mai neman maki ya zaɓe shi. Kamfani kuma abin da zai cike masa ma'auni yake dubawa, wanda ba lallai ya zo daidai da buƙatar yaron ba.

Haka nan ma'anar baƙar fata a dokar ta taƙaita ga 'yan ƙasa: 'yan asalin Afirka, da masu ruwa biyu, da 'yan asalin Indiya. Ɗalibi ko malami daga Najeriya ko Ghana, komai baƙinsa, ba ya kawo wa kwaleji ko kamfani maki a wannan fanni.

A fagen siyasa, jam'iyyar DA, wadda ta shiga gwamnatin haɗin kan ƙasa a 2024, ta gabatar a 2025 da shawarar a daina amfani da launin fata a koma auna talauci wajen ba da fifiko a kwangilolin gwamnati. Shugaba Cyril Ramaphosa da jam'iyyarsa ta ANC sun ce ba gudu ba ja da baya kan dokar. A watan Fabrairun 2025 kuma Shugaba Donald Trump na Amurka ya dakatar da tallafi ga ƙasar, yana zarginta da nuna wariya ga farar fata, zargin da gwamnatin Pretoria ta musanta. Idan shawarar DA ta samu karɓuwa, matsakaitan kwalejoji za su samu sassaucin matsin lambar sayar da hannun jari, amma waɗanda suka gina azuzuwa da kuɗin horo na kashi 6 cikin 100 za su fara neman wasu masu biya.