Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Majalisar Dokokin Jigawa Kan Manoman da Ke Zaurensa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Jigawa, Alhaji Haruna Aliyu Dangyatin, Dutse.

 

Ranka ya daɗe, kujeru 30 ne a majalisar da kake shugabanta tun 2023, kuma da wuya a sami mai zama a kan ɗaya daga cikinsu wanda ba shi da gona. Lokacin neman ƙuri'a kowa cewa yake shi manomi ne ɗan manomi, mu kuwa muna gaskata su, don mun san gandayen iyayensu. Maganata a kan waɗannan mutane take, da abin da ke samun ilminsu na gona idan suka shiga zaure.

Dubi hanyar da manomi ke bi kafin ya iso gabanka. A 2022 takardar neman tsayawa takarar majalisar jiha a jam'iyyar APC kaɗai naira miliyan 2 ce. Wanda arzikinsa ke cikin rumbu sai ya ɗebi buhunan riɗi da gero ya kai kasuwar Shuwarin, ya haɗa da bijimin huɗa, ko kuma ya nemi ubangida ya biya masa. Idan Allah ya ba shi, yana shiga sai ya tarar da takardun kasafi masu kauri da Turancin lauyoyi. Mutumin da in ya damƙi ƙasa a hannu zai gaya maka ko ta yi shuka, sai ya zama mai ɗaga hannu kawai. A gida kuma ana auna shi da yawan baburan da ya raba. Shekara huɗu ta cika, ya koma gona, abin da ya sani bai shiga ko layi ɗaya na doka ba. Wannan asara ce babba, kuma mu ake yi wa ita.

Ga abin da ya sani wanda babu a takarda. Ya san takin zamanin da ya zo bayan an gama maimai, gero ya fara bununi, kuɗin jama'a ne aka zubar, ko da an rubuta cewa an raba tirela kaza. Ya san yadda yara ke wuni a gonar shinkafa suna jan igiya mai gwangwanaye, murya ta dushe, don korar tsuntsun jan-baki. Kai kanka daga Miga ka fito, ba sai an ba ka labarin kachalar da ta toshe hanyoyin ruwan kogin Haɗeja ba, ko abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gonakin Miga da Jahun da Ringim. Ya kuma san inda burtali ya bi tun zamanin kakanni, da wanda ya nome shi, wanda nan ne rigimar manoma da makiyaya take farawa tun kafin shanu su iso.

Roƙona shi ne aikin majalisa ya bi kalandar damina. Sashe na 128 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da kuka amince da shi. A yi amfani da shi a watan Afrilu, kafin ruwan shuka: kwamitin aikin gona ya zauna da hukumar aikin gona ta JARDA da kamfanin kayan noma na JASCO, ya je rumbunan ajiya ya ga taki da iri da idonsa, ya kawo rahoto zaure. Binciken da za a yi da kaka ba zai dawo da damina ba. Kuma a damƙa kwamitin ga wanda har yanzu yake kwana da tunanin gonarsa, ko daga wace jam'iyya ya fito.

Sashe na 97 ya halatta wa majalisa yin aikinta da harshen mutanen jiha tare da Ingilishi. Ina roƙon a fitar da kason noma na kasafin kowace shekara da Hausa, a karanta shi a rediyo, mu ji ko ya kai kashi 10 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo a 2003, sannan mu ji nawa aka saki a cikinsa. Zaman jin ra'ayin jama'a ma bai kamata ya tsaya a Dutse ba. A kai shi Kiyawa da Birnin Kudu da Gwaram, a ji bakin masu noman rani na Warwade da matan da ke ɓarar zoɓo, waɗanda sunansu bai cika shiga jerin masu samun tallafi ba.

Ranka ya daɗe, guduma tana hannunka, kai ke ba da izinin magana. Idan batun taki ko burtali ko ambaliya ya zo gabanka, ka fara kiran manoman cikinku, ka ba su lokaci su yi bayani da harshen da suka fi iyawa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani manomi daga ƙasar Kiyawa.