Ra'ayinmu: Kada Muryar Arewa Ta Shiga Kabari

A watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. To amma ɗan lakwal na Dankasari ko na Gesheme, a wane littafi na ɗakin karatun makarantarsu zai same shi da harshensa? Inda ma akwai ɗakin karatun ke nan, domin a ƙauyuka da dama akwati ɗaya ne a kusurwar aji.

Abin da ba a rubuta ba yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ga shi yau salular da ɗan kasuwa ke kiran Kamba da ita tana ɗauke da manhajar naɗar murya, wadda ba ta bukatar intanet. Salula ɗaya, katin ajiya da ƙaramin faifan hasken rana sun isa makaranta ta fara.

Amfanin iri biyu ne. Na farko, yaro ya karanta shafi, ya naɗa, ya saurari kansa, ya ji inda ya yi tuntuɓe. Mushen da yara suka yi wa yawa kuma ya saurare su ɗaya bayan ɗaya idan an tashi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da 9 cikin 10 na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. An samu ci gaba a 2019, amma mafi yawansu suna baya. Na biyu, yara su naɗi tatsuniya da tarihin Matankari, Bagaji da Tibiri daga bakin kakanninsu, su rubuta, makaranta ta samu littafinta.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 1962 kulob-kulob na rediyo suka fara yawo da rikoda cikin karkara, cibiyar CELHTO ta Yamai kuma an kafa ta a 1968 don tattara tarihin baka. Sai dai mu tuna da talabijin ɗin makaranta da aka fara a 1964: kaya masu tsada, kuɗi daga waje, daga baya shiru. Wanda ya hau dokin aro, a hanya yake sauka.

Saboda haka muna da sharuɗɗa. Kada a mai da wannan aiki kasuwar kwangila. Kada salula ta zama hujjar ƙin sayen littafi da alli. A nemi yardar tsoho kafin a naɗe shi, da ta uwaye kafin muryar yaro ta fita daga makaranta zuwa WhatsApp. A ajiye kwafi a ofishin sufeto, domin salula takan ɓata.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ayyanawa a takarda take. Aikin yana cikin aji. Muna kira ga sufetocin Dogon Dutsi da Tibiri, da kwamitocin uwayen yara, da ƴan kasuwa da ma'aikata ƴan asalin Arewa da ke Yamai: kowa ya ɗauki nauyin makarantar da ta koya masa baƙi. Tsohon da bai samu mai naɗar muryarsa bana ba, wa ya ba mu tabbacin baɗi?