A yi hattara da batirin lithiyam a kasuwanninmu

'Yan uwana 'yan kasuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wutar lantarki ta yi wuya, sai cinikin sola da batiran lithiyam ya buɗe tun daga Shuwak har Galabat. Alhamdu lillahi, ana samun na cefane. Abin da ke damuna shi ne yadda muke riƙon waɗannan batira kamar tsohon batirin mota mai ruwa.

Zafi ne babban maƙiyin lithiyam. Masu ƙera shi suna hana caji idan zafi ya haura digiri 45, alhali a Gadarif zafin bazara kan wuce 40 ko a inuwa, balle cikin shagon kwano da tsakar rana. Ga kuma cajar jabu da ake jona masa.

Kada a raina lamarin. A 2022 jirgin ruwan Felicity Ace ya kama da wuta a tekun Atlantika, ɗauke da motoci kusan 4,000, har da Porsche da Lamborghini. Batiran lithiyam sun wahalar da masu kashe gobarar, a ƙarshe jirgin ya nutse. To, ina ga rumfunanmu da ke manne da juna?

Saboda haka a ajiye batiri inda iska ke ratsawa, a yi amfani da cajarsa ta asali, kada a bari cajinsa ya ƙare ƙaf, wanda ya kumbura kuma a fitar da shi daga shago. A riƙa gaya wa mai saye gaskiya, domin ribar caja ɗaya ba za ta biya buhunan riɗin maƙwabcinka ba.

Allah Ya kiyashe mu, amin.