Bayan Wuya Sai Daɗi, To Tabon Fa?

A shekarar 1903, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi, waɗanda suka tsira suka nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka yada zango a bakin kogi kusa da Sinnar. Mutanen da suka baro kaburburan iyayensu su ne suka sare daji, suka kafa garin Mai Wurno, suka buɗe makarantun allo. Da alfahari muke ba da wannan labari. Sai dai ba wanda ya gadar mana da labarin dararen da barci ya ƙaurace wa idanunsu.

Yau ga mu a irin wannan hali. Rikicin Damazin da Rusairis na Yulin 2022 ya ci rayukan 'yan uwanmu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa sauran. A cikinmu akwai matar da ta rasa miji, ta koyi sana'a, take ciyar da marayun maƙwabta. Akwai kuma yaron da ƙarar buga ƙofa ke sa shi maƙewa a lungu. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke ɗauke da halin biyu: jarumi da rana, mai zabura cikin dare.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1996 wasu Amurkawa biyu, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, suka zayyana fannoni biyar da mutum kan bunƙasa bayan masifa: sanin darajar rayuwa, ƙarfafar zumunci, gano ƙarfin kai, buɗewar sabbin hanyoyi, da zurfafar imani. Sun kuma yi gargaɗin cewa bunƙasar ba ta kore raɗaɗin, tare suke zama.

Kowace al'umma da sunan da ta ba wannan ciwo. Mutanen Kambodiya da suka tsira daga kisan gillar 1975 zuwa 1979 suna kiransa karayar ƙarfin zuciya. Shonawan Zimbabuwe suna cewa yawan tunani. Mu kan ce faɗuwar gaba, ko firgita, in ya tsananta mu ɗora wa iska. Maganinmu na farko kuwa kalma ɗaya ce: haƙuri.

Haƙuri dukiya ce, shi ya riƙe kakanninmu a hanyar hijira. Kuskurenmu shi ne mayar da shi marfin rufe bakin mai ciwo. Mukan ce wa mai kuka ya yi shiru kada a ce imaninsa ya yi rauni, alhali Annabi Yakubu ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Wanda aka hana faɗin damuwarsa, jikinsa zai faɗa: ciwon kai, rama, saurin fushi a kan mata da 'ya'ya.

A Harare, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci kusa da asibiti suna sauraren masu damuwa, bincike kuma ya tabbatar da amfanin hakan. Muna da irin waɗannan kakanni, muna da tabarma da zaure. Abin da ya rage mana shi ne kunne.

Saboda haka, in mun je jaje, mu zauna mu saurara kafin mu ba da haƙuri. Wanda ya yi watanni ba barci, mu raka shi wurin likita ba tare da kiransa mahaukaci ba, addu'a na tafiya tare da magani. Wanda ya miƙe da ƙafarsa mu yaba masa, amma kada mu yi wa wanda bai miƙe ba gori da shi. Allah Ya warkar da zukatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.